Sharhi Kan Littafin Edda Na Snorri Sturluson

Yawancin labaran allolin mutanen arewacin Turai da matasa ke aika wa abokansu ta intanet, wato na Odin da Tor da Loki, daga alƙalamin mutum ɗaya suka fito. Shi ne Snorri Sturluson (1179-1241), basarake kuma mawaƙi ɗan tsibirin Aislan, wanda ya rubuta Edda wajen shekarar 1220. A lokacin Aislan ta yi fiye da shekara 200 da karɓar addinin Kirista, ke nan Snorri bai tarar da ana bautar Odin ba.

Manufarsa ita ce koyar da matasan mawaƙa. Waƙoƙin fada na dā cike suke da adon harshe da ba ya fahimtuwa sai an san labarin da ke bayansa. Misali, mawaƙi kan kira zinariya da gashin Sif, matar Tor, domin Loki ya taɓa aske mata kai, aka ƙera mata wani gashi na zinariya. Ɗalibin da ya yi nazarin kirari ya san irin wannan: in tarihin ya ɓace, kirarin ya zama surutu kawai.

Babban kashin labaran an zuba shi ne a cikin hira. Sarki Gilfi na Suwidin ya ɓad da kama, ya shiga wani zaure, ya tarar da mutum uku bisa karagu. Yana tambaya, suna amsawa, tun daga farkon duniya har zuwa ƙarewarta. Da hirar ta ƙare sai ya ji wata ƙara, ya duba, ba zaure ba mutane, shi kaɗai a fili. Sunan kashin ma ma'anarsa ruɗin Gilfi. Wannan salo ya ba marubuci Kirista damar ba da labaran maguzanci filla-filla, sannan ya kakkaɓe hannunsa.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne tafiyar Tor zuwa gidan ƙato Utgarda-Loki. An ba shi ƙaho ya shanye, ya kasa. An ce ya ɗaga kyanwa, ƙafa ɗaya kawai ta bar ƙasa. Ya yi kokawa da wata gyatuma, ta durƙusar da shi. Sai da gari ya waye aka gaya masa cewa gindin ƙahon a teku yake, kyanwar ita ce macijin da ya kewaye duniya, gyatumar kuwa tsufa ce. Snorri bai tsaya yin wa'azi ba, ya bar mai karatu da dariya da tausayi tare.

Sai dai wannan gwaninta ita ce ke jawo shakku. Snorri mai son daidaita zance ne. A wurinsa, Loki ne ya sa makaho Hodur ya jefi Baldur da reshen kauci har ya mutu. Amma Saxo Grammaticus, ɗan Danmak da ya yi rubutu wajen 1200, ya ce rikicin mace ne tsakanin su biyun, da takobi aka yi kisan, kuma bai ambaci Loki ba. A gabatarwar Edda an ma mai da allolin mutane ne da suka taso daga birnin Taroyi.

Tambayar da ta taso a nan ta shafi adabin bakan Hausa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913 malamai ne suka rubuta su da ajami kafin a mai da su boko, don haka mai nazari kan nemi sanin ina muryar mai gatana ta tsaya, ina ta mai alƙalami ta fara. Lamarin Edda ya fi haka sarƙaƙiya, domin rubutun hannun Snorri bai iso ba. Kwafen da ke Upsala, na farkon ƙarni na 14, shi ne ya danganta littafin gare shi, kuma a wurare da dama ya fi sauran kwafe-kwafen gajarta.