Ceto Kyauta Ne, Littattafansa Kuwa Sai An Zuba Kuɗi

'Yan'uwa masu irin ciwona, ku matso. Ku da albashinku ba ya isa gida cikakke muddin hanya ta bi ta gaban shagon littattafan Kirista, ku da kuke ɓoye sabon littafi cikin mota sai uwargida ta yi barci, da ku nake. Na sake aikatawa. Na fito daga Malali da kuɗin takalmi, na gangara Ahmadu Bello Way, na dawo rungume da Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka. Takalmi dai yana can yana jira.

Da-na-sani? Ko ƙwaya ɗaya! Rumbu ne guda, cikakke, danƙararre, mai zurfi da sauƙin shiga, daga Farawa har Wahayin Yahaya babu littafin da aka tsallake, ga gajerun maƙalu an yayyafa a tsakani kan maita, kakanni da gadon gwauraye, irin tambayoyin da ake yi wa fasto a ƙofar coci bayan sujada. Na Turancin ya fito a 2006, aikin malaman Afirka 70 ƙarƙashin marigayi Tokunboh Adeyemo, har da namu Farfesa Yusufu Turaki. Na Hausar kuwa, mutanen ACTS na Bukuru muke yi wa godiya. Allah ya ƙara musu tawada.

Kun san inda na fara buɗewa, ai ba sai na faɗa ba: Romawa, sai Afisawa. Shekara da shekaru ina tsayawa a nazarin ranar Laraba ina zuba "sotiriyoloji" da "jastifikeshan", dattawa suna gyaɗa kai don kara kawai, matan zumunta suna kallon agogo. Yanzu sai in ce alheri, in ce fansa, in ce barata: mai laifi a gaban alƙali, shaida ta tabbata a kansa, wani ya ɗauki hukuncin, aka ce masa tashi ka tafi. Wata tsohuwa ta ce, "To, ɗana, ka ce haka tun da fari mana!" Ta gama da ni.

Abin da ya fi sa ni tsuma shi ne yadda littafin ya zauna daram a kantata kusa da iyayensa. Ga Theological Pitfalls in Africa na Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda ya fito a 1975, shekarar da teku ta ɗauke shi kusa da Mombasa yana da shekara 39 kacal, littafi siriri, mai zafi, mara kwana-kwana, yana gargaɗin ikkilisiya kan koyarwar da ke cewa kowa zai tsira a ƙarshe. Ga Salvation in African Tradition na Adeyemo, wanda ya gaji kujerar Kato, yana auna abin da kakanninmu ke nufi da tsira. Ga Littafi Mai Tsarki na kakata, bugun da ya samo asali daga fassarar 1932, wadda Likita Mila na Wusasa ya sha wahalarta. Zuri'a guda, kanta guda.

Ƙorafi? Akwai ɗan kaɗan. Nauyinsa kamar bulo, ba ya shiga jakar zuwa coci. Rubutun sai da tabarau. Kuma bai raba mana gardama ni da abokina ba: har yau ni ina bayan Kalbin cewa wanda aka ceta ya cetu har abada, shi yana bayan Arminiyus cewa mutum na iya juya baya, shayinmu yana hucewa a banza. Masu aro kuma su yi haƙuri, wannan ba ya fita gida. Na san halinku, halina ne.

Da uwargida ta tsinci rasit, cewa ta yi, "Maigida, kai ne kullum kake cewa ceto kyauta ne. Wannan fa na mene ne?" Na buɗe baki zan jawo mata Agustin da Luta, sai na rufe. Gaskiyarta. Ɓarawon nan da ke kan gicciye bai mallaki ko ƙasida ba, aka yi masa alkawarin Firdausi, ni kuwa kantata har ta fara lanƙwasa, kuma ba za ta ƙara mini komai a ranar shari'a ba. Na amsa laifina, ta yafe, ba don na cancanta ba. Darasin alheri ke nan, a falo.

Sai dai ban gaya mata na hango African Christian Theology na Samuel Waje Kunhiyop a shagon ba. Ku ma kada ku faɗa.