Kalmar "Functional" Da Masu Fassara Ta

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata kalma ta Ingilishi wadda ta ke yawan kayar da masu fassara, ita ce "functional". In aka tambayi yaro ma'anarta, nan da nan sai ya ce "mai aiki", ko kuwa "mai amfani", ya wuce abinsa. Bai yi ƙarya ba, amma fa riga ɗaya ya gani, alhali kuwa kalmar tana da riguna da yawa.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da, daga wata kalma mai nufin sauke nauyin da aka ɗora wa mutum. Daga wannan saiwa kuma "defunct" ta tsiro, watau wanda ya gama nasa aikin, ya riga mu gidan gaskiya.

Ma'ana ta fari ba ta da wuya. In an faɗe ta ga famfo ko agogo, nufi shi ne bai lalace ba, yana aiki. Amma ku bi ta zuwa asibiti ku sha mamaki. Likita ya kan kira ciwo da wannan suna sa'ad da wata gaɓa ta ƙi yin aikinta daidai, aka duba kuma ba a ga rauni ko ƙari a jikinta ba. To, wanda ya rubuta "ciwo mai aiki" ko "ciwo mai amfani", me ya gaya wa mai jinya? Masu lissafi su ma suna da tasu: tun wajen 1673 Leibniz, Bajamushe, ya shigar da uwar kalmar, "function", cikin lissafi, har ta zama sunan ƙa'idar da ke ɗaure wani adadi da wani. Nan babu ruwanta da amfani sam. A 1965 kuma, a taron ministocin ilmi da UNESCO ta kira a Tehran, aka yayata ta wajen yaƙi da jahilci, watau karatu da rubutun da za su ishi mutum cikin sana'arsa, ya karanta rasiɗi, ya cika takarda.

Inda ta fi wuya, inda kuma ta shafi wannan shafi namu, shi ne in an faɗe ta ga abin da hannu ya ƙera. A 1896 wani mai tsara gine-gine a Shikago ta Amurka, Louis Sullivan, ya rubuta cewa siffar gini ya kamata ta bi aikin da ginin zai yi. A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a Weimar ta Jamus, inda daga baya aka riƙa ƙera kujeru da fitilu ba zane ba ƙawa. A bakin waɗannan mutane kalmar yabo ce babba. Amma in Bature ya shiga ɗakinka, ya duba hagu da dama, ya ce ɗakin "functional" ne, kada ka yi saurin godiya. Mai yiwuwa nufinsa ɗakin ya isa a kwana, amma ba abin da zai sa ido ya tsaya. Kalma ɗaya, yabo da zambo! Mai fassara da ya sa "mai amfani" ya zubar da zambon, mai karatu kuwa ba zai taɓa sani ba.

Haka masu sharhin littattafai su ke yi da ita. In sun ce rubutun wane "functional" ne, sau da yawa nufinsu ya isar da saƙo, amma ba gishiri. A ganina a nan kalmar ta kan ɓad da almajiri, gama tana sa shi ya zaci rubutu iri biyu ne, na amfani dabam, na daɗi dabam, sai ya riƙa rubuta wasiƙa a bushe don wai ta aiki ce. Ku dubi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Don karatun 'yan makaranta aka yi shi, ke nan littafin aiki ne tun daga tushe. Amma da aku da waziri ba su riƙe hankalin yaro ba, da ya rufe shi tun a shafi na uku, aikin da aka yi shi dominsa kuwa da bai yiwu ba. Daɗin nan na labari yana cikin kayan aikinsa, kamar yadda kaifi ya ke ga wuƙa.

Saboda haka in kun ci karo da ita a jarrabawar fassara, ku fara duban mai magana, makaniki ne, ko likita, ko mai sharhi. Na famfo ku ce "yana aiki". Na likita ku ce "ciwon da ba a ga rauninsa ba". Na ɗakin nan kuwa, Hausa ba ta rasa abin cewa ba: "ba yabo, ba fallasa".