Pegasus, Takalmin Da Ba Ya Ba Ƙafa Kunya

Idan ana maganar takalmin gudu na kullum, wanda mutum zai zura bayan sallar asuba ya fita atisaye ba tare da ya ci bashi wajen sayensa ba, ni suna ɗaya ne a bakina: Nike Pegasus. Kuma ba sabon fitowa nake nufi ba. Na bara nake nufi, ko na bara waccan, wanda 'yan kasuwa suka fara karya wa farashi saboda ƙaninsa ya iso. Ina ƙaunar takalmin nan, ƙaunar da ba ta ɓoyuwa. Duk wanda ya tare ni a bakin filin wasa yana tambayar abin da zai saya, kafin ya rufe baki na riga na ba shi amsa.

Abin da ya fara sace mini zuciya shi ne, tun ran gini don irinmu aka yi shi. A shekarar 1983 ya fito, lokacin da kamfanin Nike ke tashe da fasahar cusa jakar iska a cikin tafin takalmi, dabarar da wani injiniya mai suna Frank Rudy ya kawo musu a ƙarshen shekarun 1970. Masu tsara Pegasus, ciki har da Mark Parker wanda daga baya ya shugabanci kamfanin gaba ɗaya, sai suka sa iskar a ƙarƙashin dunduniya kaɗai, inda mafi yawan mutane ke fara dira, domin takalmin ya yi sauƙin kuɗi kowane mai gudu ya iya saya. Yau sama da shekara 40 ke nan ana fitar da shi. Takalma nawa ne suka zo da kiɗa da kirari, suka yi shekara biyu suka ɓace? Shi kuwa yana nan, ana ta ƙara masa lamba.

To, a zura ƙafa a ciki a ji. Pegasus 39 da 40, waɗanda su na fi yi wa mutane talla, suna da soso mai suna React daga dunduniya har yatsu, da jakunkunan iska biyu na Zoom Air, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ba ya lotsewa har ƙafa ta nutse, ba ya kuma taurin da zai sa ka ji kwalta a ƙashinka. Tsaka-tsaki ne, kuma tsaka-tsakin nan shi ne sirrinsa. Ranar da jiki ya yi nauyi kana 'yar sassarfa, zai lallaɓa ka. Ranar da ka tashi da kuzari ka ce bari in buɗe wuta, sai ka ji iskar da ke ƙarƙashin yatsu tana ɗan tunkuɗo ka gaba. Nauyinsa bai kai giram 300 ba a matsakaiciyar lamba ta maza. Dunduniyarsa ta ɗara gabansa tudu da milimita 10, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sabon shiga, domin tudun yana rage wa agara da sharaɓa aiki. Mai fara gudu da ya sayi takalmi shimfiɗaɗɗe sau da yawa washegari da ƙyar yake sauka daga gado. Pegasus kuwa tausayin agara gare shi.

Amma wurin da nake so mu daɗe shi ne ƙasan takalmin, robar da ke taka ƙasa. A juya shi a gani. Ƙananan ƙusoshi ne na roba masu kusurwa, jere reras, kusan daga baya har gaba. Asalin zanen nan na Bill Bowerman ne, mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon ta Amurka, wanda suka kafa kamfanin tare da ɗalibinsa Phil Knight. A farkon shekarun 1970 ya ɗauki ƙarfen da matarsa ke toya wainar Turawa mai ramuka-ramuka da shi, ya zuba narkakkiyar roba a ciki, yana neman tafin da zai riƙe ƙasa ba tare da ya yi nauyi ba. Jikokin waɗannan ƙusoshin ne a ƙarƙashin Pegasus har yau. Me ya sa na damu da wannan haka? Saboda na san inda muke gudu. Ba a kan lafiyayyen titin da aka share muke ba. Kwalta ce da ta farfashe a gefe, tsakuwa, jar ƙasa, rairayin da iskar hunturu ta shimfiɗa a kan titi har ya yi santsi, sai kuma taɓon damina. Takalman zamani da yawa, don neman rage nauyi, sukan bar soso tsirara a ƙasa, su manna 'yar roba nan da can. A kai irin wannan kan hanyar ƙauye, cikin 'yan makonni tsakuwa ta cinye shi. Pegasus robarsa wadatacciya ce, mai kauri, mai kama ƙasa. Ka sauka daga kwalta ka shiga burji, ka haura kan dandamalin filin wasa, ka koma cikin lungu, duk da takalmi ɗaya, kuma hankalinka kwance. Wannan ni a wurina shi ne arha ta gaskiya. Abin da masana harkar suka saba faɗa shi ne takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu, kuma Pegasus yana cikin masu kaiwa can ƙarshen lissafin. Mai gudun kilomita 20 a mako zai yi wata shida zuwa tara da ƙafa ɗaya ta takalmi. A raba kuɗin da watannin, sai a ga ashe ciniki ya faɗa.

Na san abin da ke jan idon matasa yanzu, kuma ban ga laifinsu ba. Tun da takalmin tsere na Nike mai suna Vaporfly ya fito a 2017 a kan dala 250, da farantin kabon a cikinsa, duniyar tsere ta sauya. Ranar 12 ga Oktoba 2019 a birnin Biyana, Eliud Kipchoge na Kenya ya gama gudun fanfalaki, kilomita 42 da ɗoriya, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, sanye da wani ɗan gidansu Vaporfly. Abin ya kai har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin tsere a kan titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce ɗaya. A 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta kafa tarihi a Balin da takalmin Adidas na dala 500, wanda kusan don tsere guda aka ƙera shi. Duk abin sha'awa ne, ni ma nakan zuba musu ido. Amma waɗannan babbar rigar sallah ce mai aska tara, wadda ake sawa a yi hawa a ninke a mayar akwati. Ba da ita ake zuwa kasuwa kullum ba. Sosonsu mai saurin gajiya ne, robarsu siririya, kuma idan ba da sauri ake gudu ba sukan yi tangaɗi su wahalar da idon sawu. Shi kansa Kipchoge, a sansaninsu na Kaptagat ƙarƙashin mai horar da shi Patrick Sang, yakan yi wajen kilomita 200 a mako, mafi yawansu a hankali a kan jar ƙasa, kuma Pegasus na cikin takalman da yake wannan aiki da su. Har Pegasus 40 na musamman Nike ya fitar da sunansa a 2023. Idan gwarzo irin wannan ya yarda da shi wajen aikin yau da gobe, ni wane ne da zan nemi ƙari?

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne tushen zancen. Pegasus 40 ya fito a 2023 a kan dala 130, Pegasus 41 kuma a 2024 a kan dala 140. Yadda naira ta koma tun 2023, babu mai cewa wannan kuɗin banza ne. Dabarar ita ce haƙuri. Da zarar sabo ya fito, tsohon sai farashinsa ya rikito, sau da yawa ƙasa da dala 100 a shagunan waje, musamman launukan da ba su yi kasuwa ba. Ga kuma abin daɗin: tsakanin 39 da 40 tafin ɗaya ne, rigar sama kawai aka gyara. Wato wanda ya samu 39 da rangwame bai yi asarar komai a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Shi 41 an sauya masa soso zuwa ReactX, wanda kamfanin ya ce ya fi na da mayar da ƙarfi da kashi 13 cikin 100, kuma gaskiya ya ɗan fi laushi. Idan Allah ya haɗa ka da shi an karya masa farashi, kada ka tsaya shawara. Mai ɗan'uwa da ke dawowa daga Ingila, Dubai ko Saudiyya, wannan ita ce tsarabar da ya kamata ya roƙa, ya tura lambar ƙafarsa tun da wuri.

Sai dai a yi hattara da jabu, domin duk abin da ya yi farin jini sai an kwaikwaye shi. Jabu yana iya kama da na ainihi a ido, amma cikinsa ba iska ba soso na kirki, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin. A ɗaga harshen takalmin a duba 'yar takardar da ke manne: akwai lambar samfuri, wadda dole ta yi daidai da ta jikin kwali, kuma idan aka buga ta a intanet ta fito da takalmin nan da launinsa. A duba ɗinki, a duba ko gam ya yi tumbuɗi a gefe, a shinshina. Warin gam mai hawa kai alama ce mara kyau. Ni na fi son ɗan asali na gwanjo mai sauran rai a kan sabon jabu mai ƙyalli, nesa ba kusa ba. Masu haƙurin tona dila a wurare irin Ƙofar Wambai a Kano sukan yi dace da wanda mai shi bai wani mora ba. A gwanjo ba kyawun sama ake dubawa ba. A juya a ga ko ƙusoshin roba sun suɗe a dunduniya. A dubi gefen soso, idan ya yi tamoji mai zurfi to ya gama aiki. A ajiye takalmin a kan tebur a dube shi ta baya, in ya karkace gefe guda a bar wa mai shi kayansa. Takardar nan ta cikin harshe tana ɗauke da lokacin da aka ƙera shi, don haka ba sai an yi musu da ɗan kasuwa a kan shekarunsa ba.

Wajen gwaji, a je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a riƙa gudu da ita. A bar sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Wannan sararin shi ke hana farce yin baƙi, shi ke hana bororo. Mu da muka tashi cikin silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, da yawanmu ƙafarmu mai faɗi ce, Pegasus kuwa gabansa yana da ɗan matsi; akwai samfurin masu faɗin ƙafa, in ba a samu ba a ƙara rabin lamba. 'Yan'uwa mata ma ba a bar su a baya ba, suna da nasu tsarin, har ma a Pegasus 37 na 2020 an rage ƙarfin iskar da ke cikin na mata don ya fi musu laushi.

Akwai masu cewa Pegasus ya tsufa, ba ya tsalle kamar ASICS Novablast, ko Puma Velocity Nitro ya fi shi kama jiƙaƙƙen titi, ko Adidas Adizero SL ya fi shi rashin nauyi. Duka takalma ne na kirki, wanda ya same su da arha ya saya da albarka. Amma wanne ne a cikinsu za ka samu a kusan kowace dila, a kowace lamba, wanda idan wannan ya ƙare ka san na gaba zai zauna maka a ƙafa kamar na jiya? Wannan amanar ce ta riƙe ni.

Takalmin shi ma yana da haƙƙi a kan mai shi. Zafi ne babban abokin gabar soso da gam, saboda haka kada a shanya shi a kan kwano cikin ranar bazara, kada a bar shi a cikin mota a rufe. A cire shimfiɗar ciki, a wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu da tsohon buroshi, a cusa masa takarda ya bushe a inuwa. A hunturu a riƙa kakkaɓe ƙura bayan kowace fita, don tana shiga ragar sama ta ci zare. Kuma a ware shi don gudu kaɗai. Ba na zuwa ɗaurin aure ba ne, ba na buga ƙwallo ba. Ranar da ka ji gwiwa ko ƙwauri sun fara ƙorafi a hanyar da ka saba bi lafiya, to soso ya gaji, a mayar da shi na tattaki a nemo magajinsa.

Masu tambaya ko za a iya shiga tsere da shi, ƙwarai kuwa! Mai shirin gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma aka saba yi a watan Fabrairu, ko tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, in dai burinsa ya gama lafiya cikin lokaci mai kyau, Pegasus ɗin da ya yi atisaye da shi ya wadatar. Ya dai tabbatar ranar tseren takalmin yana da sauran soso, ya sa safar da ƙafarsa ta sani, ya zura igiya har cikin ramin nan na ƙarshe da ke kusa da idon sawu don dunduniya ta zauna daram, sannan ya ƙulla ta sau biyu.