Masu Jin Yaren Injin Roba

Kife bokitin da ke gidanku ka duba gindinsa. Daidai tsakiya za ka ga wani ɗan tabo kamar cibiya. Ta nan narkakkiyar roba ta shiga cikin mol, wato ƙarfen da aka fafe da siffar bokitin, ta bi ko'ina ta cika shi, ta daskare ta zama bokiti. Kujerar roba da ake haya ranar biki tana da irin wannan cibiya, haka kwando da kofi da murfin kwalba. Buta da jarka kuwa hura su ake yi kamar balan-balan, injinsu daban ne. Wanda nake magana a kansa shi ne injin da ke ɗura roba da ƙarfi cikin mol, irin waɗanda ke ruri dare da rana a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano.

Tushensa Amurka ne. A 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar na farko, wanda bai wuce wata ƙatuwar sirinji ba. A 1946 James Watson Hendry ya kawo dabarar sukuru, kuma a kanta ake har yau, ko injin Engel ne na Ostiriya, ko Arburg na Jamus, ko Haitian na birnin Ningbo a ƙasar Sin. Ana zuba ƙwayoyin roba masu kama da shinkafa a mazurari, su gangara cikin wani bututun ƙarfe da hitoci suka kewaye. Sukurun da ke ciki yana juyawa yana murza su har su narke, sannan ya zabura gaba ya tunkuɗa su cikin mol. A ɗaya ɓangaren wasu manyan allunan ƙarfe biyu sun danne mol ɗin don kada ya buɗe. Da tan ake auna wannan danniya, kuma injin kujera kan kai tan 1,000. In ana fitar da kaya duk daƙiƙa 30, injin zai rufe ya buɗe sau 2,880 a kwana ɗaya, sama da sau miliyan a shekara.

Abu mai irin wannan wahala, me zai sa wani ya shekara ashirin yana aiki, ɗan'uwansa da aka sayo rana ɗaya ya zama kayan 'yan gwangwan tun kafin ya rufa goma? Amsar tana wurin mutumin da ke shigowa da sassafe da tsumma a aljihun baya. Na daɗe ina ganin girman irin waɗannan makanikai, domin gwanintarsu ba ta fiye fitowa fili ba. Wanda ya tayar da mataccen inji kowa zai yaba masa. Wanda ya hana injin mutuwa kuwa sai a ɗauka ba ya aikin komai.

Kafin ya taɓa maɓalli sai ya zaga injin. Ya leƙa ƙasa ko mai ya ɗiga da dare, in ya ga ɗigo ya bi sawunsa har tiyon da ya fito. Ya kai bayan hannu jikin tankin mai. Ya tsaya kusa da famfon haidurolik ya kasa kunne, don famfon da ke shaƙar iska ƙararsa daban take, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Daga nan ya ɗauki bokiti ɗaya cikin waɗanda aka buga da dare ya ɗaga shi sama wajen haske. Wannan bokitin shi ne takardar asibitin injin, duk ciwon da ke ciki ya rubuta kansa a jikinsa.

Babban darasin da ake fara koya wa yaro shi ne haƙuri da wuta. Robar bokiti da kujera, wadda ake kira PP, sai zafi ya haura digiri 200 take gudana yadda ake so. Agogon hita zai nuna an kai wannan adadi, amma zafin jikin bututu yake nunawa, robar da ke can ciki manne da sukuru tana nan da taurinta. Gwani yakan ƙara jira minti ashirin ko talatin sai zafi ya ratsa. Mai gaggawa ya kunna sukuru a kan daskararriyar roba, kan sukurun ya karye, aikin da aka so ceto rabin sa'a a cikinsa ya tsaya mako guda. A wurinmu kuwa, inda wuta kan ɗauke ana tsakar aiki, wannan jarrabawa ba sau ɗaya take zuwa a rana ba. An tayar da janareta, oga yana tsaye yana duba agogo, mota tana jiran kaya a ƙofa, makaniki kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi lokaci tukuna." Faɗin wannan magana a irin wannan hali yana cikin sana'ar, kuma ba kowa ke iyawa ba. In robar PVC ce, irin ta gwiwar bututun ruwa, lamarin ya fi haka tsanani: in ta daɗe cikin zafi takan ƙone ta fitar da asid mai cin ƙarfe, don haka ba a barinta ta kwana a bututu, sai an kore ta da wata roba mai sauƙin hali.

Sai abincin injin. Roba da yawa da ake bugawa a nan tsohuwa ce, wadda 'yan jari bola suka tattaro aka wanke aka niƙa. Wannan abin alheri ne ga gari, amma niƙaƙƙiyar roba ba ta rasa yashi, da guntun waya, da kan ƙusa. Shi ya sa ake dasa mayen ƙarfe a maƙogwaron mazurari, kuma mai lura yakan zaro shi ya share kowane canjin aiki. Yashi kuwa maye ba ya kama shi. Tsakanin sukuru da bututu akwai rata da ba ta wuce kaurin takarda ba, yashi ya yi ta cinta a hankali har ta buɗe. Alamar ba ta zuwa da ƙara. Akwai 'yar robar da kan rage a gaban sukuru bayan kowane ɗuri, in adadinta ya fara hawa da sauka, ko bokiti ya fito yau cikakke gobe da giɓi a baki, makaniki ya san zoben da ke hana roba komawa baya ya cinye. Ya canja zobe tun yana zobe, kafin magana ta kai ga sukuru da bututu gaba ɗaya.

Mai shi ne jinin injin, kuma abokan gabarsa biyu ne, zafi da datti. An fi son ya tsaya tsakanin digiri 40 zuwa 50. Da ya haura 60 sai ya fara lalacewa da sauri, ya tsinke, robobin toshiya su ƙandare su fara yoyo. A watan Afrilu na Kano, ƙarƙashin rufin kwano, riƙe mai a wannan mataki yaƙi ne da ake yi da ruwan sanyaya. Da hunturu kuma ƙura ce, mai laushi kamar gari, wadda ke bin kowace kafa. Ko sabon mai daga duro gwani ba ya zuba shi sai ta matata.

Inda na fi ganin bambancin gwani da ɗan koyo shi ne ranar da kaya suka fara fitowa da leɓe, wato ɗan siririn fallen roba da ke zagaye bakin bokiti, wanda ake sa yara su yi ta fiƙewa da wuƙa. Ma'anarsa mol bai haɗe baki sosai ba, roba ta sami hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara ƙarfin danniya, kuma leɓen zai ɓace nan take, kowa ya ji daɗi. Amma allunan nan a kan wasu sanduna huɗu na ƙarfe suke tafiya, kuma duk rufewa sandunan suna miƙewa kaɗan kamar danƙo. In ɗaya ta fi sauran ɗaukar nauyi, ƙarin ƙarfi ita yake kashewa, wata rana ta tsinke daga wajen zarenta. Gwani zai tsayar da inji. Ya duba ko wani ɓarɓashin roba ne ya maƙale a fuskar mol. Ya auna kusurwa huɗu na allunan ya ga ko sun daidaita. Ya ɗora ma'aunin daidaito irin na magina a gadon injin, don daɓe kan zauna gefe guda ya karkatar da komai. Ya bi gaɓoɓin da ke naɗewa suna miƙewa ya tabbatar giris yana isa kowace, domin bututun giris guda ɗaya in ya toshe, gaɓar da yake ciyarwa a bushe za ta yi ta aiki ba wanda ya sani. Sau da yawa rage ƙarfin danniyar ma shi ke gyara kayan.

Shi kansa mol wani lokaci ya fi injin wuyar samu. Ba a sa masa sukundireba ko wuƙa, in roba ta maƙale da sandar tagulla ake ɓamɓaro ta, saboda tagulla ta fi ƙarfen mol taushi, ita za ta ji ciwo. A gefen fuskarsa akwai wasu 'yan hanyoyin iska da zurfinsu bai kai kaurin gashin kai ba. In datti ya toshe su, ko yawan danniya ya murƙushe su, iskar da ke ciki ta rasa mafita, ta matsu ta yi zafi har ta ƙona roba, ka ga baƙin tabo a ƙarshen kaya. Cikin jikinsa kuma hanyoyin ruwa ne, tunda fiye da rabin lokacin kowane bugu a jiran sanyi yake tafiya. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yakan bar farin ɓawo a ciki, irin wanda ke taruwa a butar shayi. Makaniki ya kama tiyon shiga da hannu ɗaya, na fita da ɗayan, daga bambancin ɗuminsu ya gane ko lokacin wankin hanyoyin ya yi.

Duk wannan a rubuce yake a wani littafi mai tabon mai: ranar da aka canja filta, awannin da famfo ya yi, hitar da ta mutu. Kuma akwai abin da mai mutunci ba ya yarda da shi ko an roƙe shi, wato ɗaure maɓallin ƙofar tsaro don aiki ya yi sauri. Abin da ke danne tan ɗari biyar bai san hannun mutum ba.

Jajibirin Sallah, in za a rufe masana'anta kwana uku, shi ne na ƙarshen fita. Ya toshe mazurari, ya bar sukuru ya amayar da sauran roba har bututu ya zama fanko, ya tura sukurun gaba ya bar shi a nan. Ya kashe ruwa, ya busar da fuskar mol, ya fesa mata maganin tsatsa. Ya matso da allunan a hankali har bakin mol ya haɗu, ba tare da ya ɗora masa danniya ba. Sannan ya kashe hitoci, ya sauke babban makunni, ya rubuta kwanan wata a littafi, ya tafi neman omo da zai wanke hannu.