"Ba mu da naƙasasshe, tsufa ne"

Hutun da ya wuce ina gida Tasawa, wani saurayi mai aikin ƙidaya ya yi sallama da takardunsa. Tambayar da Faransanci take, shi ya juya ta da bakinsa: "Baba, akwai naƙasasshe a gidan nan?" Mahaifina ya ce, "Allah shi kiyaye, babu." A lokacin kakata tana zaune bisa tabarma kusa da su. Shekara uku ke nan yana ta rufe mata ido, sai an ja mata hannu zuwa makewayi, kuma sai ka ɗaga murya kafin ta ji. Saurayin ya rubuta "babu", ya wuce.

Baba bai yi ƙarya ba. A Hausa, makaho da kurma da gurgu sunaye ne na rukunin mutane, har da sarakunansu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, kuma kunnen jama'a yana haɗa su da bara. Wa zai saka uwarsa a wannan layi? Sai a ce "idonta ya yi rauni", "ai tsufa ne". Da an faɗi haka, magana ta ƙare, tsohuwa ta fita daga lissafin gwamnati.

To ina ruwanmu da lissafi? Da shi ake yin kasafi. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali aiki ƙarami ke cire ta. In takarda ta ce babu masu ita a gari, wa zai turo likitan ido? Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma sashe na 31 ya wajabta tattara irin waɗannan alƙaluma.

Gyaran ma akwai shi. Masana ƙididdiga na rukunin Washinton sun tsara tambayoyi shida da ba su ambaci kalmar naƙasa ba. Suna tambayar wahala wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufafi, da fahimtar juna a magana. Amsa kuma hawa huɗu ce, daga "babu wahala" zuwa "ba na iyawa sam". Da an ce "Inna, kina shan wahala wajen gani?" wallahi da ta ba da labari har magariba.

Wani abokina ya ce in aka saka tsofaffi, adadi zai kumbura, rabon yara masu naƙasa ya ragu. Na ji tsoronsa, amma maganinsa a rubuta shekarun kowa, a ware rukuni rukuni. Ɓoye kaka ba ya ƙara wa jika komai.

Mu ɗaliban harsuna, ga aikinmu: a fassara tambayoyin nan tun daga ofis, a gwada su a bakin tsofaffi na Maraɗi, Damagaram da Tawa, kada a bar mai ƙidaya yana laluben kalma a zaure.