Gobara Ce Ta Yi Aikin Alƙali: Sake Karanta "Alhaki Kuykuyo Ne"

Shekaru fiye da 30 ke nan da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da "Alhaki Kuykuyo Ne" a 1990, kuma har yau littafin bai tsufa ba. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga. Mun saba yabonsa a kan yadda ya tona asirin zaman aure a Kano. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi masa ba: ina shari'a take a cikin labarin?

Mu tuna yadda abin yake. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya tara, amma cefane ma sai da kyar. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya saki Rabi, ta bar gidan da yaranta. Da sayar da abinci ta riƙe su. Abin da ya durƙusar da Alhaji Abdu daga baya ba hukuncin alƙali ba ne, gobarar kasuwa ce ta cinye dukiyarsa. A ƙarshe aka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san fiƙihun Malikiyya bai bar irin Rabi a tozarce ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, waɗanda alƙalanmu ke dogaro da su, sun yi bayanin haƙƙinta. Matar da aka yi wa saki na kome a gidan mijinta take idda, ci da sha suna wuyansa. Riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Ciyar da su da tufatar da su kuwa wajibin uba ne, ko suna hannun wa. Tun kafin a kai ga saki ma, mazhabar ta ba mace damar kai ƙara idan miji ya daina ciyarwa ko yana cutar da ita.

Ke nan kowane kwanon abincin da Rabi ta sayar don ta ciyar da yaran nan, nauyin Alhaji Abdu ta ɗauka. A nan ƙarfin littafin yake. Marubuciyar ba ta yi mana wa'azi ba. Ta nuna mana gari cike da malamai da littattafai, inda hukunci ke kwance a takarda, mai haƙƙi kuma tana gaban murhu. Dangi sun san kalmar haƙuri, amma ba ita ce ke sa uba ya biya kuɗin makaranta ba.

Sai dai a nan kuma rauninsa yake, ko mu ce raunin da marubutan baya suka gada. Idan gobara ce ke rama wa mace, to wadda kantin mijinta bai ƙone ba fa? Littattafai da yawa da muke karantawa a waya yau sun mayar da wannan hanya ƙa'ida: azzalumin miji sai ya yi haɗari ko ya tsiyace, sannan ya dawo yana kuka. Mai karatu ta rufe littafi ta koyi jira, ba ta koyi cewa akwai ƙofar da za ta iya ƙwanƙwasawa ba.

Wannan ba matsalar adabi kaɗai ba ce. Bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999, jihohi 12 sun faɗaɗa aiki da shari'a, aka rubuta kundin hukunta laifuffuka sashe-sashe. Aure da saki da ciyarwa, waɗanda suka shafi kowane gida, ba su samu irin wannan gata ba. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi maganar daftarin dokar iyali, aka yi ta cece-kuce. Maroko kuwa, ƙasar Malikiyya kamar mu, ta sabunta dokarta ta iyali tun 2004, ta sa saki ƙarƙashin kulawar kotu. Ba lallai mu kwafi nasu ba, amma sun nuna cewa mazhabar tana da faɗin da za ta amsa tambayoyin zamani.

Ba mu ce marubuci ya zama mufti ba. Muna dai son ganin labarin da wata Rabi za ta tsaya gaban alƙali, mu ga yadda miji ke ɓoye dukiyarsa, yadda ake ɗage zama, yadda 'yan'uwa ke cewa ta kunyata su. Akwai ban tausayi da tashin hankali a zauren kotu fiye da na gobara. Hajiya Balaraba ta nuna mana ciwon tun 1990. Ya rage ga masu alƙalami na yau su bi Rabi zuwa inda haƙƙinta yake.