Kwaikwayon Shahararrun Bindigogi: Ina Arharsu Take Fitowa?

Da wuya a samu bindigar da ta yi suna a duniya wadda ba ta da kwaikwayo. Wasu masana'antu ne ke ƙera irinta sak, su sayar a kan rabin kuɗinta ko abin da bai kai ba. Kasuwar ta fi ƙarfi a Amurka, inda doka ta yarje wa farar hula mallakar makami, kuma a shekarun nan ta cika da kayan Turkiyya da Filifin da Brazil. Mafarauta da masu wasan harbi sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Wasu na cewa ƙarin kuɗin da ake biya a kan ta asali kuɗin suna ne kawai, wasu kuma na cewa arha ba ta ado, balle a kan abin da wuta ke tashi a cikinsa yana tafin hannun mutum. Hujjar mutanen farko ta fi ƙarfi, amma da sharaɗi guda: a san masana'antar da ta ƙera kwaikwayon, kuma sunanta na gaskiya ne a jikin ƙarfen.

Tushen wannan sana'a shi ne haƙƙin mallakar ƙirƙira yana da wa'adi. A Amurka shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takarda, kuma da zarar ya cika kowa na iya ƙera abin ba tare da neman izini ba. Ƙaramar bindigar nan M1911, wadda John Browning ya tsara kuma kamfanin Colt ya ƙera, ta zama makamin sojan Amurka tun 1911 har zuwa 1985. Haƙƙinta ya ƙare tun da daɗewa, shi ya sa yau Armscor na Filifin ke fitar da ita da sunan Rock Island Armory, Tisas kuma na ƙera tata a garin Trabzon na Turkiyya. Ba sata a ciki, kuma ba wanda aka ruɗa, domin kowacce na ɗauke da tambarin mai ita. Haka abin ya kasance da AR-15 bayan haƙƙin Colt ya ƙare a 1977, haka kuma da tsofaffin samfuran Glock, waɗanda Palmetto State Armory ya kwaikwaya ya sa wa tasa suna Dagger.

Wasu kwaikwayon ma tarihinsu ya fi haka kusanci da na asali. A 1974 kamfanin Beretta na Italiya ya samu kwangilar sojan Brazil, ya kafa masana'anta a São Paulo. Da kwangilar ta ƙare, a 1980 ya sayar wa kamfanin Taurus masana'antar da injinanta da zane-zanenta. Bindigar PT92 ta Taurus daga nan ta fito, wato a kan injinan da suka ƙera Beretta 92 aka fara ƙera ta, kuma ma'aikatan da Beretta ya horar ne suka ci gaba da aikin. Ita kuwa CZ 75, wadda 'yan'uwa biyu Josef da František Koucký suka tsara a Cekoslobakiya a 1975, gwamnatin gurguzu ce ta hana a yi mata rajista a ƙasashen waje, sai ta zama ta kowa. Tanfoglio na Italiya ya ɗauka, Sphinx na Suwizalan ya ɗauka, Isra'ila ta gina Jericho 941 a kanta. Wasu daga cikin waɗannan, musamman na Sphinx da na gasar harbi da Tanfoglio ke yi, sun fi ta asalin tsada. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kwaikwayo da rashin inganci ba tagwaye ba ne.

To daga ina arhar take fitowa? Kaso mai yawa daga ladan ma'aikata ne, wanda ya fi sauƙi a Turkiyya da Filifin, da kuma cewa mai kwaikwayo bai kashe ko sisi a kan bincike da gwajin sabon tsari ba. Injinan yankan ƙarfe masu aiki da kwamfuta sun kuma rage tazarar da ke tsakanin babbar masana'anta da ƙarama, domin awon da a da sai gwanin maƙeri ke iya daidaitawa da magagari yanzu inji ne ke fitar da shi iri ɗaya sau dubu. Irin wannan ragi ba ya cutar da mai saye. Akwai kuma wani ragin da ake yi a jikin kayan: gangar jikin da aka yi da zubi maimakon ƙarfen da aka buga, fenti mai saurin goguwa, kunama mai tauri, saitin ido na talaka, gidan harsashi mai raunin sifirin. Mafi yawan waɗannan ana ganinsu da ido ko a ji su a hannu, kuma ana iya canza su da kuɗi kaɗan. Wanda ba a gani shi ne mai haɗari, wato yadda aka gasa ƙarfen ya yi tauri da kuma yawan dubawar da ake yi wa kowace bindiga kafin ta bar masana'anta. A nan ne kamfanoni masu arha suka fi tsuke hannu, shi ya sa guda biyu daga kwali ɗaya kan bambanta: ɗaya ta yi shekaru ba ta taɓa cijewa ba, ɗayar ta fara maƙale kwanso tun makon farko.

Tarihi ya nuna yadda abin kan lalace idan ba mai sa ido. A 1915 Faransa, cikin matsin Yaƙin Duniya na Farko, ta ba kamfanin Gabilondo y Urresti na yankin Basque a Sifaniya kwangilar ƙaramar bindigar Ruby, wadda aka kwaikwayo daga tsarin Browning na 1903. Buƙata ta fi ƙarfin kamfanin, aikin ya bazu zuwa ƙananan maƙeru da dama a Eibar da kewaye, kowa da nasa awon. Ƙarshenta gidan harsashin wannan ba ya shiga bindigar wancan, sai da aka riƙa buga haruffan maƙeri a jikin kowanne don soja ya gane nasa.

Mafi muni su ne na jabu, kuma sanannen misalinsu garin Darra Adam Khel ne a Pakistan, kusa da mashigar Khyber. Maƙeran can gwanaye ne na ban mamaki, suna iya fitar da Martini-Henry ko Lee-Enfield ko Kalashnikov da kayan aikin hannu, har da tambarin masana'antar Ingila. Masu tara tsofaffin makamai kan gane su ta kurakurai: harafin da aka buga a juye, ko tambarin Sarauniya Victoria tare da shekarar da ta wuce 1901, shekarar da ta rasu. Kyan siffa bai ce komai a kan ƙarfen ba, wanda sau da yawa na tsofaffin motoci ne ko na layin dogo, kuma harsashin zamani na iya fasa shi. Irin wannan ko kyauta aka ba mutum, wurinta bango.

Akwai alamar da ke taimakon mai saye. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar C.I.P., irin su Italiya da Jamus da Beljiyam da Birtaniya da Cek, ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da harsashin da matsinsa ya zarce na yau da kullum da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, sannan a buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham yana wannan aiki tun 1813. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar, kamfanoninta da kansu suke bin ƙa'idojin ƙungiyar SAAMI, saboda haka a can garanti da samuwar kayan gyara da sunan mai shigo da kaya su ne madogara.

Babban suna shi ma ba laya ba ne. A 2017 kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyara bindigarsa P320 kyauta bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa. Kamfanin Remington ya durƙushe sau biyu, a 2018 da 2020. Colt ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2015, kuma a 2021 kamfanin CZ, wanda aka yi ta kwaikwayon bindigarsa ba tare da an biya shi ba, shi ne ya saye shi. Manyan ma sun shiga sana'ar da kansu: Stoeger, wanda ke ƙarƙashin rukunin Beretta, yana ƙera bindigogin farauta a Turkiyya a kan tsarin da kamfanin Benelli ya yi suna da shi, a farashi mai sauƙi ƙwarai.

Wani lokaci kwaikwayon ne ma ya fi dacewa da aiki. Colt Single Action Army ta 1873, bindigar fina-finan kaboyi, tsofaffinta na farko an yi su ne don baƙin albarushi, kuɗinsu dubban daloli ne, kuma harba su da harsashin zamani ganganci ne. Uberti, wanda aka kafa a 1959 a Gardone Val Trompia, da takwaransa Pietta suna ƙera irinta da ƙarfen zamani da hatimin gwajin Italiya, kuma masu wasan harbin kaboyi da dama ke riƙe su. Da kamfanin FN ya daina ƙera Browning Hi-Power a 2018, Girsan na Turkiyya da Springfield Armory, da samfurinsa SA-35 na 2021, su suka cike gurbin.

Inda ta asali ba ta da abokin karawa shi ne wajen riƙe daraja. Tsohuwar Colt kan ƙara kuɗi da shekaru, kwaikwayo kuwa faɗuwa yake yi tun ranar da ya bar kanti. Kuma wanda ya sayi mai arha da niyyar canza mata kunama da bututu da saiti, sau da yawa yakan tarar ya kashe kuɗin ta asali, ba tare da ya mallake ta ba.

Duk wannan lissafi na ƙasashen da doka ta buɗe kasuwar ne. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi da na soja cikin jerin haramtattu, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma doka ba ta bambanta ta asali da kwaikwayo. Inda aka halatta kuwa, kwaikwayon masana'anta sananniya mai garanti ya cancanci kuɗinsa ga mafarauci da mai wasan harbi. Mai tara kayan tarihi gara ya jira ya tara kuɗin ta asali. Wadda ba a san maƙerinta ba, ko take ɗauke da tambarin da ba nata ba, ba ta cancanci saye ba ko nawa aka yi mata kuɗi.